Ciwon da Ba Ya Kwantarwa Amma Yana Cinye Kwana

Jawabin kwamitin lafiya da walwala a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, malamanmu, 'yan uwa mambobi, da iyayen gidajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Waɗanda muka faro tafiyar nan tare da su, Allah bai nufa su kawo yau ba, Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan.

Ɗazu ma'aji ta karanto mana lissafin shekara: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da aka biya da wanda ya rage. Mun ji, mun yi tafi, kuma mun gode wa Allah. To mu a kwamitin lafiya muna da wani lissafin da ba ya shiga littafin ma'aji. Lissafin kwanakin da mace ta tashi da niyyar fita sana'a, jiki ya hana ta, kunya kuma ta hana ta faɗin dalili. Kan wannan muke neman ku ba mu aron kunne. Za mu faɗi wasu kalmomin da ba a saba faɗa a bainar jama'a ba, iyayenmu ku yi mana afuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari mu fara da abin da ya faru a cikinmu. Mai labarin ta ba mu izini, da sharaɗin ba za mu kama suna ba. Tana cikin waɗanda suka fi kowa ƙwazo a wajen matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Sai muka ga ta fara makara, daga baya ta fara aiko 'yarta, daga baya zubin adashi ma ya fara tsallake mako. Mu dai 'yan Adam ne, muka yi ta magana. Wata ta ce girman kai ne, wata ta ce ai ta samu wata hanyar ce. Ranar da biyu daga cikinmu suka je gidanta karɓar zubi, ta ja su ɗaki ta rufe ƙofa, ta fashe da kuka. Ashe shekara 4 ke nan tana jin wani abu yana sauko mata ta gaba. Da safe da sauƙi, amma in ta tsaya a kan turmi ko ta ɗaga kaskon suya, kafin la'asar sai ya leƙo waje, sai ta koma ɗaki ta kwanta ta mayar da shi da hannu. Ba ta gaya wa maigidanta ba, ba ta gaya wa uwar da ta haife ta ba. Tana zaton ciwon daji ne, tana jiran ajali ita kaɗai.

Wallahi mun ji kunyar kanmu. Shekara 4 muna zama tabarma ɗaya da ita, muna lissafin kuɗinta, ba mu taɓa tambayar ta jikinta da gaske ba.

Abin da ke damun ta shi ne saukowar mahaifa, wasu su ce zazzagowar mahaifa. Ga yadda abin yake. A ƙasan ƙugun kowace mace akwai tsokoki da jijiyoyi da Allah ya shimfiɗa su suna tallafe da abubuwa uku: mafitsara a gaba, mahaifa a tsakiya, ƙarshen hanji a baya. Ku ɗauke su kamar zanen goyo da majanyi. In ɗaurin yana da ƙarfi, yaro yana sama daram. In ɗaurin ya saki, yaro sai ya yi ta zamowa ƙasa. Haka in waɗannan tsokoki suka yi rauni ko suka yage, sai mahaifa ta sauko, ko mafitsara ta turo ta bangon gaba, ko hanji ya turo ta bangon baya. Wata ma duka ukun ne suke haɗuwa. Likitoci sun kasa shi mataki 4, daga wanda ya ɗan sauko mace ba ta ma sani ba, har zuwa wanda ya fito waje gaba ɗaya.

Me ke sa ɗaurin ya saki? Babban dalili shi ne ciki da haihuwa, musamman haihuwa da yawa kusa da kusa, doguwar naƙuda, babban jariri, yin yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, da danna cikin mai naƙuda don wai a taimaka mata. Sai shekaru: idan al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin yana raguwa, naman wurin ya yi siriri ya rage ƙarfi. Shi ya sa wata sai ta yi jikoki sannan abin ya bayyana, alhali tushensa tun haihuwar fari ne. Sai ɗaukar kaya masu nauyi kullum, tari mai daɗewa, taurin bayan gida da ke sa yunƙuri, da ƙiba mai yawa. Wasu kuma gado ne, naman jikinsu dama ba mai ƙarfi ba ne.

Yanzu ku dubi wannan jerin, ku dubi rayuwarmu. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma mace takan haifi 'ya'ya 6 zuwa 7 a rayuwarta, kuma a faɗin Najeriya haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti. Jarkar ruwa mai lita 25, kilo 25 ce cur, kuma sau nawa muke ɗaga ta a rana? Ga buhun gyaɗa, ga daka, ga itace, ga goyo a baya. Masana sun ce in aka duba matan da suka taɓa haihuwa, kusan rabi za a tarar da ɗan saukowa ko yaya, kodayake waɗanda abin ke damu ba su kai haka ba. Ma'ana, a wannan rumfar da muke zaune, 'yar uwarmu ba ita kaɗai ba ce. Ita ce dai ta yi magana.

Wannan ciwo ba kasafai yake kisa ba, kuma abin da ya sa ake raina shi ke nan. In yaro ya yi zazzaɓi, a guje za a tafi asibiti. In mace ta ce tana jin nauyi a mara, sai a ce ai haka girma yake, ai duk wadda ta haihu sai ta ji haka, yi haƙuri. Ita ma da kanta za ta sa kanta a ƙarshen layi: bari a biya kuɗin makaranta tukuna, bari a aurar da wance tukuna. Amma mu tsaya mu ga abin da haƙurin nan yake ci.

Yana cin sana'a. Mai wannan lalura ba ta iya doguwar tsayuwa, ba ta iya ɗaukar nauyi, ba ta iya doguwar tafiya zuwa kasuwa. Bayanta yana ciwo, mararta tana ja kamar an rataya mata dutse. Aikin da take yi a wuni ɗaya sai ya koma na kwana uku. Jari ya fara karyewa, bashin ƙungiya ya tsaya mata a wuya, ga ta kuma ba za ta iya cewa ga dalili ba.

Yana cin natsuwar ibada. Da yawa fitsari yana ɗigo musu in sun yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko sun sunkuya ruku'u. Wasu kuma fitsarin ne ba ya fita duka, sai su yi ta zaryar bayi, dare da rana, ga ciwon sanyin mafitsara yana dawowa a kai a kai. Mace ta yi alwala sau uku don salla ɗaya, tana ta waswasi. Ta daina zuwa islamiyya, ta daina zuwa tafsiri da azumi, don tsoron kada zane ya jiƙe ko a ji wari. A nan muna roƙon malamanmu mata su riƙa bayyana wa ɗalibai sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalurar ɗigon fitsari, da halaccin salla a zaune ga wadda tsayuwa ke cutarwa. Hukuncin yana nan cikin littattafan fiƙihun da ake karantarwa, amma mai kunya ba za ta ɗaga hannu a aji ta tambaya ba.

Yana cin zumunci. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, duk sai ta fara kawo uzuri, saboda zaman mota ko babur azaba ne, kuma ba ta san inda za ta samu bayi ba. Dangi su ce ta yanke zumunci.

Yana kuma cin zaman aure, kuma nan ne ciwon ya fi zafi. Mace tana jin zafi ko kunya, sai ta fara guje wa shimfiɗar mijinta ba bayani. Shi kuma ya ɗauka ƙiyayya ce ko raini. In akwai abokiyar zama, tsoro ya ninku: kada a ji, kada a yi mata gori, kada ta zama abin labari a tsakar gida. Gidaje nawa ne suka yi tsami a kan abin da zoben roba ɗaya zai iya gyarawa? Daga nan sai baƙin ciki, rashin barci, mace ta ga kamar ta tashi daga mace.

To 'yan uwa, ga albishir. Saukowar mahaifa ba ciwon daji ba ce. Ba a ɗaukar ta daga wani, ba a shafa wa wani. Ba sammu ba ce, ba jifa ba ce, ba alamar mace ta yi wani abin kunya ba ce. Kuma daban take da yoyon fitsarin da huda mafitsara ke kawowa, wanda ake yi wa aiki a cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina da Ningi a Bauchi. A wancan fitsari yana zuba ne ba tsayawa ta wata ɓula. A wannan kuwa kaya ne suka sauko daga mazauninsu. Kuma yana da magani, hawa uku.

Hawa na farko, motsa tsokokin ƙasan ƙugu. Wani likitan mata a Amurka mai suna Arnold Kegel ne ya yaɗa wannan dabara a 1948, kuma har yau da ita ake farawa. Ba ta cin ko kwabo. Ki matse wurin kamar kina riƙe tusa da fitsari lokaci guda, ki ja shi sama ciki, ki riƙe kina ƙirga har 10 in za ki iya, in ba ki iya ba ki fara da 3, sannan ki saki ki huta daidai wannan tsawon. Ki yi sau 8 zuwa 10, sau uku a rana. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinya ko ɗuwawu, kuma kada ki mayar da shi al'ada a lokacin da kike fitsari. Don kada a manta, a ɗaura shi da lokaci: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. Kina zaune kina tsince shinkafa ma za ki iya, ba wanda zai sani. Sai dai yana son haƙuri, wata 3 zuwa 4 kafin a ga canji, kuma ya fi amfani ga wadda abin bai yi nisa ba. Ya fi kyau nas ko ma'aikaciyar sashen gashi da motsa jiki ta duba ko kina yi daidai. Ki kuma saba matse wurin kafin tari, atishawa ko ɗaga kaya.

Hawa na biyu, zoben tallafi, wanda a asibiti suke kira fesari. Zobe ne na roba mai laushi da ake aunawa daidai jikin mace, a sa shi ciki ya tokare mahaifa a mazauninta. Ba a yanka, ba a sa barci, cikin mintuna an gama. Wani lokacin sai an gwada girma biyu ko uku kafin a dace. In ya zauna daidai, ba ki ma jin sa. Ku lura, ba robar tsarin iyali ba ce, ba ya hana ɗaukar ciki, kuma mai nau'in zobe ba ya hana mu'amalar aure. Sharaɗinsa ɗaya ne: a riƙa komawa ana cirewa, ana dubawa, ana wankewa ko canzawa, kamar duk wata 4 zuwa 6. Wadda ta sa ta manta da shi shekaru, zai iya yi mata miki. Ga waɗanda al'ada ta ɗauke musu, likita kan haɗa da man istirojin na shafawa don naman wurin ya yi ƙwari. 'Yar uwarmu da muka ba ku labarinta, zoben nan aka sa mata. Tana cikinmu yanzu haka, kuma zubinta bai ƙara tsallake mako ba.

Hawa na uku, tiyata. Akwai wadda ake ɗinke bangon da ya saki, akwai wadda ake ɗaga mahaifa a ɗaure ta a bar ta, akwai wadda ake cire mahaifar ta ƙasa ba tare da an tsaga ciki ba. Mun san tsoron da ke hana mata zuwa: kada a cire mini mahaifa ban gama haihuwa ba. Ki sani ba a cirewa sai da yardarki, kuma wadda ke son ƙarin haihuwa ta faɗa wa likita tun farko, akwai hanyar da za a bi da ita. Bayan aiki ana bukatar hutun mako 6 ko fiye ba ɗaukar nauyi, kuma gaskiya ita ce yana iya dawowa, musamman in an koma wa jarka da buhu da wuri. Ana yin waɗannan ayyuka a sashen mata na manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Amma matakin farko shi ne asibitin da ya fi kusa da ke, su za su duba su tura ki gaba in da bukata.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: fitsari ya ƙi fita sam, abin da ya fito ya ƙi komawa, ya yi gyambo ko yana jini, ruwa mai wari da zazzaɓi, ko ganin jini bayan al'ada ta daɗe da ɗaukewa. Kuma don Allah, iyayenmu, a daina cusa kanwa, gishiri, sassaƙe da kayan matsi a wurin. Suna ƙona fata, ba sa ɗaga abin da ya sauko. Kada kuma a yarda wani ya sa aska. Yankan gishiri yana iya huda mafitsara, a fita daga ƙaramar matsala a faɗa babba.

Rigakafi kuwa yana hannunmu tun yau. A je awo, a haihu a hannun ƙwararriyar ungozoma, kada naƙuda ta kwana ta wuni a gida. A ba jiki hutu tsakanin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani. Mai jego ta huta da gaske a kwana arba'in ɗin nan, kada ta tashi daga wanka ta nufi rijiya. A sha ruwa sosai, a ci zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, wake, gwanda da lemo, don bayan gida ya yi laushi. Tarin da ya wuce mako 2 a je a gwada, gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. In za a ɗaga kaya, a durƙusa a ɗaga da ƙafafu, a raba shi gida biyu, ko a kira wani ya kama.

Iyayen gidajenmu, yanzu da ku muke. Idan uwargida ta canza, ta rage fita, ta fara janye jiki, kafin ka yi fushi ka tambaye ta cikin sirri da taushin murya. Abin da ya same ta, wajen haifa maka 'ya'ya da ɗawainiyar gidanka ya same ta. Izinin zuwa asibiti da kuɗin mota a hannunka suke. Samarinmu, jarkar nan da Mama ke ɗauka kuna zaune kuna danna waya, daga yau taku ce. Surukai da abokan zama, wadda Allah ya nuna wa sirrin 'yar uwarta ta rufe. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ba wadda ta san abin da gobe za ta kawo wa nata jikin.

Daga ƙarshe, kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu, muna roƙon a tattauna su a zama mai zuwa. Na farko, a ware wani kaso daga ribar shekara a buɗe asusun lafiyar mata, wanda mamba za ta ranta ba ruwa, ba tare da ta bayyana ciwonta a gaban taro ba. Na biyu, a zaɓi dattijai mata biyu masu riƙon amana waɗanda za a riƙa samu a asirce, su kuma raka mace asibiti in tana so. Na uku, cikin sayayyar bana a sa baro da kura a gaba, kuma a sauya rabon aiki yadda mai ciki, mai jego, da wadda aka yi wa aiki za su koma tsinta, awo, ƙulli da lissafi, ba tare da an rage musu kaso ba. Na huɗu, a gayyato ma'aikaciyar lafiya mace ta zo ta koya mana motsa tsokar nan a zaman mata zalla, sannan kwamiti ya je ofishin inshorar lafiya na jiha kan batun yi wa mambobi rajista a ƙungiyance.

Mun kafa ƙungiyar nan ne saboda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun taya juna ɗaukar jinkar jari, ta aurar da 'ya'ya, ta kuɗin makaranta. Wannan ma jinka ce. Wadda ta ji jawabin nan ta san da ita ake, ba sai ta ɗaga hannu ba. Mu 'yan kwamiti muna nan bayan an tashi, kuma kun san ƙofofin gidajenmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya maimaita mana baɗi da baɗin baɗaɗa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana.